A bar Baba ya yi lissafin cefanensa

An yi wa tsoho aikin ƙugu, ko ya kwanta da ciwon huhu. Kwana biyu yana sambatu, yana kiran jika da sunan ƙanensa da ya rasu, magariba na yi sai ya hau fizge robar ƙarin ruwa. Wasu su ce gigin tsufa ne, wasu su ce iska ce. Ranar da aka sallamo shi sai a karɓe makullin shago da kuɗin cefane, a ce, "Baba, ku dai ku huta." Ƙauna ce ta kawo wannan hutu, amma ni a ganina cutarwa ce.

Likitoci na kiran wannan ruɗewa diliriyam. Ba cutar mantuwa ba ce mai shiga sannu a hankali cikin shekaru. Cikin sa'o'i ko kwanaki take zuwa, ta lafa ta taso, kuma akwai abin da ke tayar da ita: ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, raɗaɗi, rashin barci, ko wani magani. Wani ma ba ya fizge-fizge, gyangyaɗi kawai yake ta yi, har a riƙa yaba haƙurinsa.

Da ana zaton zazzaɓi na sauka hankali zai koma mazauninsa. A 2013 masana a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka fitar da binciken mutum 821 da suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman. Bayan shekara guda, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka gwada tunaninsu ya yi daidai da na mai cutar Alzheimer a matakin farko, kuma wanda ya fi daɗewa cikin ruɗewa shi ya fi jin jiki.

A jami'ar dai, a 2012, an gwada horas da irin waɗannan marasa lafiya a gida na mako 12, haɗe da motsa jiki. Ana koya wa mutum ya tsaya, ya faɗi abin da yake son yi, ya raba shi gaɓa-gaɓa, ya duba ko ya kammala. Sun fi takwarorinsu da ba a horas ba iya tsara aiki, sai dai mutanen 'yan kaɗan ne, kada wani ya ce an samo magani.

Kada kuma a ruɗe mu da wasannin waya masu alkawarin wasa ƙwaƙwalwa. Babban binciken ACTIVE da aka yi a Amurka kan tsofaffi fiye da 2,800 ya nuna mutum ya fi ƙwarewa a kan ainihin abin da aka horas da shi. To, in haka ne, a horas da Baba kan abin da zai yi gobe da safe. A ba shi kuɗin cefanen yini ɗaya, ya lissafa, ya karɓi canji. Ya yi tilawar surorin da ya haddace wani na saurare. Bayan labaran rediyo a tambaye shi me aka ce. In ya kuskure a jira shi. Saurin cika wa tsoho magana ɗabi'armu ce, kuma ba ta taimakonsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rigakafin ba shi da tsada. A 1999 Dakta Sharon Inouye ta nuna a asibitin Yale cewa sa wa tsoho tabaransa, ba shi ruwa, tayar da shi ya taka, barinsa ya yi barci da dare, da tuna masa rana da wurin da yake, sun rage ruɗewa daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan 10. Can sai da aka horas da 'yan sa-kai. Mu kuwa kowane gado da mai jinyarsa a kan tabarma dare da rana, ba wanda ya zaunar da ita minti biyar ya koya mata wannan.

In kuma ruɗewar ta dawo farat ɗaya bayan an koma gida, ba lokacin horo ba ne. A mayar da shi asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha.