A Daina Farfasa Tsohon Silin a Bushe: Kira ga Jama'ar Gwandu da Kalgo

Jama'ar Gwandu, jama'ar Kalgo! Ku ɗaga kai ku dubi saman tsofaffin azuzuwan firamarenmu, da ɗakunan shan magani, da gidajen ma'aikatan da aka gina tun muna cikin Jihar Sakkwato, kafin a ba mu Kebbi a 1991. Silin ɗin nan mai ruwan toka, da rufin siminti mai tudu da kwari, da yawansu asbesto ne. A zamanin shirin UPE na 1976, lokacin da aka yi ta gina makarantu lungu da saƙo, shi ne kayan gini na yayi, har an yi masana'antunsa a Legas da Enugu da Kano da Bauchi. An so shi don ba ya tsatsa, ba ya cin wuta, gara ba ta taɓa shi, ga shi yana rage zafin rana. Yanzu ya tsufa, yana rugurgujewa a kan 'ya'yanmu, mu kuma muna share ɓaraguzansa kamar ba komai.

To, akwai komai. Asbesto ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, jikinsa duk zare-zare ne masu sirantakar da ido ba ya gani. Muddin faifan silin ko na rufi yana nan lafiyayye, ba a taɓa shi ba, siminti na riƙe da zaren, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an sa masa guduma, ko zarto, ko injin yanka, ko iskar farkon damina ta yaye rufi ta tarwatsa shi, sai zaren ya tashi ya bi iska. Ba ya wari, ba ya sa atishawa. Kowa a cikinmu ya san ƙaiƙayin gero, yadda yake maƙalewa a jiki ranar sussuka. Shi wanka ɗaya ya raba ka da shi, amma zaren asbesto in ya shige can cikin huhu, ba tari ba magani da zai fito da shi. Nan zai zauna yana sukar nama yana jawo kumburi da tabo, har wata rana abin yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji.

Tun a 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J. C. Wagner, shi da abokan aikinsa suka bayyana mutum 33 masu ciwon dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda likitoci ke kira mesothelioma. Kusan dukansu sun shaƙi ƙurar asbesto, kuma wasunsu ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, zama kusa da ita kawai suka yi. Daga baya aka tabbatar yana haddasa dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ƙwan mace, ban da taurin huhu da ke hana mutum numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu nau'in asbesto da ba ya sa daji, kuma fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu da a da take haƙo shi da kanta a 2008.

Abin da ya sa cutar nan ke shammatar mutane shi ne jinkirinta. Takan ɗauki shekara 20, 30, har 50 kafin ta nuna kanta. Kafintan da ya yanka silin da zarto yana saurayi a 1980, yau ne yake dattijo mai haki in ya taka zuwa masallaci, kuma ba wanda zai kawo wancan aikin a ransa. Yaron da yau yake wasa da gutsuren silin a bayan aji, yana kankare shi yana zane a ƙasa, nasa lissafin sai ya yi 'ya'ya. Matar da ke kakkaɓe rigar aikin maigida kafin ta wanke, ita ma ta shiga ciki. An sami mata a ƙasashe da dama da suka kamu ta wannan hanyar kaɗai. Haka makanikin da ke hure ƙurar burki da baki, domin har yanzu akwai takalman burki masu asbesto a kasuwannin duniya. Wanda kuma ya haɗa ƙurar nan da shan taba, haɗarin dajin huhu a kansa ninkin ba ninkin ne.

Ga alamomin da ba a yi musu shiru. Numfashi na guntulewa, yau in an hau tudu, gobe ko a zaune. Tarin da ya wuce mako uku bai tafi ba, wani lokaci da jini. Ciwo mai nauyi a gefe ɗaya na ƙirji ko bayan kafaɗa, wanda ba ya jin maganin kyamis. Rama ba dalili, kasala, gumin dare, dushewar murya, ruwa ya taru a ƙirji, ko ciki ya kumbura. Alamomin nan sun yi kama da na tarin fuka ƙwarai, shi ya sa gwajin majina ne matakin farko, kuma kyauta ake yin sa a asibitocin gwamnati. Amma in gwaji ya nuna babu, ko an sha magani wata da watanni jiki na ƙara lalacewa, kada a koma gida a ce sammu ne, kada a sayar da akuya a kai wa mai tsubbu. A nemi hoton ƙirji. Ga babban asibiti a nan Kalgo, ga asibitin Sir Yahaya da na tarayya a Birnin Kebbi, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Baba, in ka zauna gaban likita, ka faɗa masa da bakinka: "Likita, na yi aikin silin da rufi shekaru da yawa." Wannan magana ɗaya tana iya sauya inda bincike zai dosa. Ku kuma likitocinmu da malaman asibiti, don Allah ku riƙa tambayar sana'ar da mutum ya yi a ƙuruciyarsa.

Ba cewa nake a tashi gobe a ɓalle duk silin garin nan ba. Yin haka ma shi zai fi tayar da ƙurar. Wanda yake lafiyayye a bar shi, a shafe shi da fenti, a toshe yoyon da ke jiƙa shi. Ido ba ya bambance mai asbesto da marar shi, don haka duk tsohon faifai a ɗauke shi a matsayin mai shi. In cirewa ta zama dole, a fitar da yara da mata daga wurin, a jiƙa shi sharkaf da ruwa, a zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya, a sauko da shi ɗungurungum. Ban da guduma, ban da injin yanka, ban da tsintsiya a busasshiyar ƙasa. Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare zaren nan, sai takunkumi na musamman mai matata. A naɗe ɓaraguzan cikin leda mai kauri, a binne su a rami mai zurfi nesa da rijiya da gona. Kada a ba maƙwabci ya rufe akurkin kaji, kada a cike ramin hanya da su babura su yi ta niƙawa, kada a kai su bakin murhu.

Mai Martaba Sarkin Gwandu, Allah ya ja zamaninka, muna roƙon a umarci hakimai da dagatai, daga Dalijan da Kambaza har Diggi da Zuguru, su isar da maganar nan ga talakawa. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, ku sa a zagaya a rubuta makarantu da asibitocin da ke da tsohon silin, kuma duk kwangilar gyara a sa sharaɗin yadda za a cire shi, a tsare yara a gida ranar aikin. Limamanmu, minti biyar a huɗubar Juma'a ya isa. Shugabannin kafintoci da magina da makanikai, ku tara yaranku a wannan makon ku nuna musu da hannunku. Kai kuma da ke karanta wannan, in akwai dattijo a gidanku da ya yi aikin gini kuma tari ya ƙi sakinsa, ka kai shi asibiti kafin ranar kasuwa ta zagayo.