Ciki Ba Ya Jiran Takarda: Sauya Inshorar Lafiya Ana Tsakiyar Goyon Ciki

Ƙanwata tana da cikin wata biyar lokacin da mijinta ya samu sabon aiki. Murna aka yi a gidansu da ke Malali, domin albashin ya fi na da, kuma takardar ɗaukar aikin ta ce akwai inshorar lafiya ga ma'aikaci da iyalinsa. Babu wanda ya tambayi abin da zai faru tsakanin ranar da tsohon kamfanin zai cire sunansu da ranar da sabon zai shigar. Da ranar awonta ta zagayo, ta je asibitin da ta saba. Ma'aikaciyar da ke kan kwamfuta ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sunanki ya fita." Kusan wata biyu suka yi suna biyan kuɗin awo da hoton ciki da magani daga aljihu, kuma da sabon katin ya fito, sai aka tarar asibitin nata ba ya cikin jerin sabon kamfanin. Allah ya sa ta sauka lafiya. Da hawan jini ya taso mata a waɗannan makonni, ko jini ya ɓalle, da wani labarin daban zan ba ku.

Ra'ayina shi ne, macen da take cikin inshora kafin ta ɗauki ciki bai kamata ta rasa kulawa ko ta kwana ɗaya ba don kawai an sauya mata tsari. Kafin doka ta tabbatar da haka kuwa, duk mai juna biyun da ke da zaɓi ta zauna inda take har ta yi arba'in.

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira sauyi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne sauya asibiti a cikin tsari ɗaya, kamar wadda ta tashi daga Kawo ta koma Unguwar Rimi tana son asibiti kusa da gida. A tsarin tarayya ana barin mutum ya yi haka bayan ya yi wata shida da asibitinsa. Sai sauya kamfanin HMO, wato kamfanonin nan masu shiga tsakanin mai inshora da asibiti, wanda sau da yawa ma'aikata ce ke yanke shi, ma'aikaci sai dai ya ga sanarwa. Mafi haɗari shi ne fita daga wani tsari gaba ɗaya zuwa wani, kuma a Kaduna wannan ba baƙon abu ba ne. Gari ne da ma'aikatan jiha da na tarayya da na bankuna suke zaune layi ɗaya. Malama za ta bar aikin jiha, inda hukumar KADCHMA da aka kafa da dokar 2018 take kula da ita, ta koma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda take ƙarƙashin tsarin tarayya. Ba ta bar unguwarsu ba, amma a takarda ta zama sabuwar shiga.

Sabon shiga kuwa jira yake yi. Ƙa'idojin tsohuwar hukumar NHIS na 2012 sun sa kwana 90 tsakanin rajista da fara cin moriya, wato kashi ɗaya cikin uku na dukan goyon ciki. A inshorar da mutum ke saya wa kansa daga kamfanoni masu zaman kansu abin ya fi haka tsanani, domin galibinsu ba sa ɗaukar nauyin haihuwa sai mutum ya yi wata tara zuwa shekara a cikin tsarin. Wadda ta shiga da ciki za ta biya kuɗin shekara, a duba mata zazzaɓi da ciwon kai, amma abin da ya kawo ta yana waje. Akan ɗage wannan sharaɗi ga ma'aikatun da suka yi wa ma'aikatansu rajista a dunƙule, sai dai alfarma ce ta yarjejeniya, ba haƙƙi ba, kuma ma'aikaci bai cika ganin yarjejeniyar da idonsa ba.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Inshora 'yar uwar adashi ce. In aka bar mutum ya shiga ranar da yake buƙatar ɗauka, ya kwashe ya daina zubi, adashin zai watse, kuma masu zubi da gaskiya ne za su yi asara. Na yarda da wannan. Amma ƙanwata ba sabuwar zubi ba ce. Shekara huɗu ana biya mata, ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Abin da ya sauya shi ne uwar adashin. A hukunta ta da sharaɗin da aka yi don masu wayo, rashin adalci ne, ko da an rubuta shi da kyau a shafi na goma sha biyu.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mutane game da yadda kuɗin ke tafiya. Asibitin da aka yi wa mutum rajista yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane suna da ke jerinsa, ko mai sunan ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama naira 750 ne a tsarin tarayya, kafin a ƙara shi a 2024. Don haka sunan da bai bayyana a jerin wata ba, asibitin bai karɓi komai a kansa ba, kuma ma'aikaciyar da ta ce sunanki ya fita ba mugunta take yi ba. Tiyatar haihuwa kuma wani mataki ne daban, sai kamfanin HMO ya ba da lambar izini sannan a biya. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa ba da wannan lamba cikin awa ɗaya. Umarni ne mai kyau, amma yana amfanar wadda sunanta ke cikin na'ura ne. Wadda take tsakanin kamfani biyu ba ta da wanda za a kira da ƙarfe biyun dare, ko da an kai ta Asibitin Koyarwa na Barau Dikko cikin jijjiga. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, gaskiya ne, amma bai yafe wa kowa kuɗin jini da na aiki ba.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tun watan Yulin 2008 Ghana ta keɓe masu juna biyu a tsarin inshorarta: ba sa biyan kuɗin shiga, kuma ba sa jira. A Amurka, daga 2014 dokar da ake kira Obamacare ta hana kamfani ya ƙi mace ko ya ƙara mata kuɗi don ta zo da ciki. Mu kuma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu sanadiyyar ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, mu ne muka fi buƙatar irin wannan doka. Dokar NHIA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, kuma ta ba hukumar ikon sa ido a kan dukan tsare-tsaren ƙasar. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Matar ma'aikacin banki ba ta cikin wannan rukuni, kuma ita ce ke faɗawa ramin sauyi.

Gyaran da nake nema ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma. NHIA da KADCHMA su rubuta cewa duk wadda ta nuna shaidar tana cikin wani tsari har zuwa ranar sauyi, babu jira a kanta, kuma tsohon kamfani ba zai cire sunan mai ciki ba sai sabon ya tabbatar ya karɓa. A bar ta ta ƙarasa awo ta haihu a asibitin da ya san fayil ɗinta, su kamfanonin su daidaita kuɗin a tsakaninsu.

Kafin lokacin, wanda zai sauya aiki alhali matarsa na da ciki ya nemi amsa a rubuce, tun kafin ya miƙa takardar ajiye aiki: wace rana inshorar za ta fara, shin ta haɗa da cikin da aka zo da shi, nawa ne iyakar kuɗin tiyata, kuma in jaririn ya zo bakwaini wa zai biya kwalba. Ita kuma ta karɓi kwafin katin awonta da sakamakon gwajin jini da hotunan ciki, ta ajiye su a jakar haihuwa, domin fayil ba ya bin mutum daga asibiti zuwa asibiti. Mijin ƙanwata ya gano daga baya cewa da ya roƙi a ɗaga ranar fara aikinsa, ko ya nemi a yi musu rajista tun ranar da ya sa hannu, da an yi masa. Yanzu tana da ciki na biyu, kuma an sake yi masa tayin wani aiki a Abuja. Ya ce musu sai bayan suna.