Igiyar Ƙasa: Ba Saran Kaɗai ke Kisa ba

Maciji ba ya sallama. Uwargida ta sa hannu cikin tarin itace za ta hura wutar safe, sai ta ji wani abu mai sanyi ya motsa a ƙarƙashin yatsunta. Ɗalibin makarantar kwana ya jawo takalminsa daga ƙarƙashin gado da asuba, ya tarar wani baƙo ya riga shi shiga. Manomi ya ɗaga damin dawa da ya kwana a gona, sai ga abu a nannaɗe a inda damin ya tashi. Mazauna birni ma ba su tsira ba, domin a watan Nuwamba na 2021 jaridun Nijeriya sun ba da labarin wata ma'aikaciyar rundunar sojan sama wadda maciji ya sara a makewayin gidanta a Abuja, ta kuwa rasu. Hatta labarin kafuwar ƙasashen Hausa da irin wannan gamo ya faro, tun da Bayajida ruwa ya je nema a rijiyar Kusugu ta Daura, ya ci karo da abin da ya hana mutanen gari ɗiba.

Saboda tsananin tsoro, Bahaushe ba ya son ambaton sunan maciji idan dare ya yi, sai dai ya ce igiyar ƙasa. Tsoron yana da dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai kan sari mutane kimanin miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma daga 81,000 zuwa 138,000 daga cikinsu kan mutu, ban da ɗimbin waɗanda kan rasa hannu ko ƙafa. Amma tsoro dabam, sani dabam. Abin da binciken likitoci ya tabbatar a ƙasar nan shi ne, makomar wanda aka sara ta fi dogara ga abin da aka yi masa cikin sa'o'in da suka biyo bayan saran. A nan ne ake asarar rayuka, kuma a nan ne makaranta take da aikin da har yanzu ba ta ɗauka da muhimmanci ba.

Da farko dai, gamon da ake kira na ba-zata, ga mutum ne yake ba-zata. Shi maciji yana da dalilinsa na kasancewa a wurin. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa kamar na mutum ko na akuya, don haka idan rana ta take sai ya nemi inuwa a ƙarƙashin dutse ko bayan randa, idan dare ya yi sanyi kuma ya fito kan hanyar da ta sha rana ya kwanta. Da damina ruwa kan cika ramukan da yake fakewa, ya koro shi zuwa tudu, tudun kuwa sau da yawa gidan mutane ne. Sannan ga ciki. Bera da kwaɗo da ƙwan kaji su ne cimarsa, saboda haka duk gidan da aka bar hatsi a warwatse, ko aka jingina akurki da bangon ɗakin kwana, an aika masa goron gayyata ne ba a sani ba. Masai wanda murfinsa ya fashe ko bututunsa ya tsage ƙofa ce a buɗe, bera ya bi, mai farautarsa ya biyo sawu. Mutum ya fi ƙarfin bakin maciji, ba abincinsa ba ne. Yakan kai sara ne idan an taka shi, ko an taɓa shi, ko an tare masa hanyar gudu, shi ya sa yawancin sara a ƙafa ne da hannu.

Macizai iri-iri ne, kuma da yawansu ba su da dafin da zai kashe mutum. A arewacin Nijeriya guda uku ne suka fi yin ɓarna. Akwai kasa, mai kaurin jiki, wadda aka yi wa shaidar barci. Ba ta gudu idan ta ji tafiya, sai ta lafe cikin ganye har a taka ta, dafinta kuwa yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama. Akwai gamsheƙa mai fasa kai, wadda kan feso dafi a idon mutum daga nisan mita biyu ko fiye, ta kuma shiga ɗaki da dare ta sari mai barci a ƙasa. Ta ukun ita ce kububuwa, wadda masana suka daɗe suna kira Echis ocellatus. Ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, tsawonta bai cika wuce kamu ɗaya da ɗan ɗori ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da tsakuwa. Idan ta fusata takan goga ɓawon jikinta da juna, ya ba da ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Duk da ƙanƙantarta ta fi sauran kashe mutane, musamman a yankunan Kaltungo da Ɓilliri na Jihar Gwambe, da Langtang da Shendam na Jihar Filato, da Bambur ta Jihar Taraba.

Ana yi wa kububuwa laƙabi da gobe da nisa, wato wanda ta sara ba zai ga gobe ba. Laƙabin yana da ban tsoro, amma ya ɓoye ainihin haɗarin. Gaskiyar magana ita ce, yawancin waɗanda ta sara suna ganin gobe, har da jibi da gata. Dafinta jini yake yi wa aiki. A cikin jini akwai sinadaran da ke sa shi daskarewa idan an ji ciwo, dafin kuwa yakan zuga su su yi ta aiki ba gaira ba dalili har su ƙare ƙarƙaf. Daga nan jini ya zama kamar ruwa. Mutum na zaune yana hira, ƙafa ta ɗan kumbura, 'yan'uwa na cewa ai an auna arziki, alhali dasashinsa ya fara tsattsafo da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya sauya launi. Bayan kwana biyu ko biyar, ko ma mako guda, sai jini ya zuba a cikin kai ko a cikin ciki, a rasa shi. Kwanakin nan da ake ɓatawa a gida ana murnar sauƙi su ne kwanakin da likita yake bukata.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan asiri, wanda Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi amfani da shi lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970. Ma'aikacin lafiya zai ɗebi jini kaɗan ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, ya ajiye ba tare da girgizawa ba har minti 20, sannan ya karkata ta. Idan jinin ya daskare, to da sauƙi, sai a ci gaba da lura ana maimaitawa. Idan ya kwararo, dafi ya shiga jiki, sai a ɗaura makari nan take. Ba a bukatar lantarki ko wata na'ura, kwalba da agogo sun wadatar. Ta haka ne ake gane mai haɗari tun yana tafiya da ƙafafunsa. Idan ba a ba da makari ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da dafin kububuwa ya kama kan mutu. Idan an ba da mai kyau a kan lokaci, adadin kan sauko ƙasa da 2 cikin 100.

To, me ya sa har yanzu ake fara zuwa wurin mai magani a ƙauye? Ba wauta ba ce. Mutane sun ga waɗanda aka kai aka kuma dawo da su lafiya, kuma ganinsu gaskiya ne. Fassarar abin da suka gani ce take da gyara, kuma ɗalibin da ya iya lissafi zai gane haka. Cikin mutane miliyan 5.4 da ake sara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miliyan 1.8 zuwa 2.7 ne kawai dafi kan kama. Ke nan rabi ko fiye ba abin da zai same su, ko dai don macijin ba mai dafi ba ne, ko don ya kai sara bai zuba dafin ba. Waɗannan za su warke ko an ba su saiwa, ko an ba su ruwan randa. Cikin waɗanda dafin ya kama ma, masu yawa jikinsu kan yi fama ya tsira. Duk waɗannan ana lissafa su cikin nasarar mai magani, wanda ya mutu kuwa a ce kwana ne ya ƙare. Da irin wannan lissafi, kowane magani zai yi suna.

Da a ce abin ya tsaya ga ɓata lokaci, da sauƙi. Taimakon da aka saba yi shi kansa cuta ne. Ana ɗaure gaɓa tamau da igiya ko robar tayar keke don a tare dafi, sai jini ya daina zuwa, nama ya mutu, a ƙarshe likita ya yanke ƙafar da dafin bai isa ya lalata ba. Ana tsaga wurin da reza, ga mutumin da jininsa ya daina daskarewa. Ana tsotsa da baki, ana manna baƙin dutse, alhali gwaji ya nuna ba sa fitar da wani dafin kirki. Wasu kuma su bar majinyaci a yashe su bi macijin da sanduna, har a sami mutum na biyu da aka sara. Hausawa kan ce an kashe maciji ba a sare kansa ba, to ko an sare ma a yi hattara, domin yankakken kai yana iya kai sara bayan wani lokaci.

Abin da ya kamata a yi kaɗan ne. A janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo. A ɗora gaɓar a kan sanda ko katako, a naɗe sako-sako yadda ba za ta motsa ba, kamar yadda ake yi wa karaya, domin motsi ne ke tura dafi cikin jiki. Kada ya yi gudu, kada ya yi tafiya idan akwai mai ɗaukarsa. A ɗora shi a mota, ko a babur da wani a bayansa yana riƙe da shi, a nufi asibiti. Idan zafi ya dame shi a ba shi farasitamol, ban da asfirin da danginsa, saboda suna ƙara zubar jini. Wanda gamsheƙa ta fesa wa dafi a ido a wanke masa da ruwa mai yawa nan take, a daɗe ana zubawa, sannan a kai shi a duba idon.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Wanda ya sayar da akuya ya yi tafiyar sa'a uku, ya tarar babu makari a asibiti, ba zai ƙara ba wa kowa shawarar zuwa ba. Makarin dafi ba sabon abu ba ne. Tun 1894 likitan Faransa Albert Calmette ya nuna cewa idan aka riƙa yi wa dabba allurar dafi kaɗan-kaɗan, jininta kan samar da abin da ke karya dafin, kuma har yau daga jinin doki ko tunkiya ake tace shi. Matsalar ita ce kowane makari da macizan da aka yi shi dominsu. Wani rahoto da aka buga a 2008 daga wani asibitin karkara a tsakiyar Gana ya nuna cewa da aka sauya makari mai kyau da wani mai araha wanda aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace sun tashi daga 1.8 zuwa 12.1 cikin 100. A Nijeriya an yi abin a yaba, domin an kwashi macizan ƙasar nan zuwa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful aka tatsi dafinsu, aka yi makari iri biyu masu suna EchiTAb, ɗaya a yankin Wales na Birtaniya, ɗaya a Kosta Rika. An gwada su a kan majinyata 400 a Kaltungo, aka buga sakamakon a 2010. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta sa burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Ilimin dai ya samu. Abin da ya rage aikin hukuma ne, wato ta tabbatar kwalbar makari tana nan a asibitin da ke kusa da manomi tun kafin ruwan farko, kuma a farashin da ba zai sa ya juya ba.

Kafin nan, makaranta tana da abin yi wanda ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ɗaliban sakandare su ne ke noma da hutu, su ke kiwo, su ke ɗebo itace, kuma a gidaje da yawa su ne ake tambaya abin da boko ya ce. Darasin halittu da ke koyar da sassan jikin maciji, ya tsallake abin da za a yi idan ya sari mutum, ya bar rabin aikinsa. Awa ɗaya a zango ta isa a gwada ɗaurin katako a kan ƙafar wani ɗalibi, a nuna hotunan kasa da kububuwa da gamsheƙa, a bayyana amfanin tocila da takalmi mai rufi, da kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa, da zazzage takalmi kafin a sa. A makarantun kwana a nome ciyawar da ke tsakanin ɗakin kwana da makewayi, a toshe ramukan bera. Sannan akwai tambaya guda da ya kamata kowane shugaban makaranta ya san amsarta tun yau: wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye makarin dafi, kilomita nawa ne, kuma motar wa za a tasa idan abin ya faru da ƙarfe biyun dare? A rubuta amsar da manyan baƙaƙe, a manna a ƙofar ɗakin shan magani da ta ofishin malamin da ke kan aiki.