LEGAS TA IYA TALLAR ABINTA, MU KUWA MUN ZAUNA KAN NAMU

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman 'yan uwana na Boɗinga da Shagari.

Kwanan baya na yi kwana tara a Legas wurin wani ƙanena da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Da na gama abin da ya kai ni sai ya ce, "Yaya, ba ka komawa gida sai ka ga gari, kada ka je ka ce Ikko duk kasuwar gwari ce." Haka muka yi kwana uku muna zagaye. Na dawo da tsaraba, amma na dawo da wani abu da ya tsaya mini a rai har yau.

Mun fara da kasuwanni. Balogun da Idumota a cikin tsibirin Legas, inda atamfa da leshi da takalma suka cika layi bayan layi, mutum ba ya ganin ƙasa don jama'a. Computer Village a Ikeja, duniyar waya da kwamfuta. Alaba, wurin kayan wuta. Waɗannan ban yi mamakinsu ba, gari ne mai tashar jiragen ruwa, nan kaya ke sauka, dole kasuwa ta ci.

Inda jikina ya fara sanyi shi ne kasuwar kayan hannu ta Lekki. Turawa da 'yan Legas masu kuɗi suna ta ɗaga jakunkunan fata, da tumtum, da takalma, da tabarmi, da ƙorai masu zane. Na gaisa da wani mai shago, sai na ji harshensa irin namu. Na ce daga ina? Ya yi dariya ya ce, "Malam, kayan ga duk daga gida munka kawo su." Na tambayi kuɗin wata jaka, da ya faɗa sai da na riƙe baki. A gida da kuɗin nan sai ka sayi irinta da yawa. Fata ɗaya, ɗinki ɗaya. Bambancin kawai, a can an goge ta, an rataye ta wuri mai tsabta, kuma mai shagon ya iya ba da labarinta.

Washegari muka je gandun dajin Lekki, wanda aka kafa a 1990. Mi ke ciki? Itatuwa, da birai, da wata gadar igiya mai tsawon mita 401 da ake bi ta saman itace. Shi ke nan. Amma ga layi a ƙofa, kowa na biya, motocin makarantu sun cika wurin ajiye mota.

Rana ta uku muka tafi Badagry. A nan ne aka gama da ni. Akwai wani ɗan bene da 'yan mishan suka gina a 1845, suna ce masa bene na farko a Najeriya. Wallahi gidajen wasu 'yan kasuwarmu sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Amma an share shi, an rubuta bayani, ga saurayi tsaye yana ba da tarihi tiryan-tiryan. Daga nan a nuna maka sarƙoƙin da aka ɗaure bayi, a sa ka cikin kwalekwale a ƙetare da kai, ka taka hanyar da bayi suka bi zuwa bakin teku. Mai kwalekwale ya samu, mai bayani ya samu, mai kwakwa ta samu, mai hoto ya samu.

Ina tsaye bakin tekun nan sai Sifawa ta faɗo mini a rai.

Sifawa fa, nan cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Garin da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, yana karantarwa yana rubutu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. A zaman Sifawa ne, a 1812, ya raba ragamar tafiyar da daula gida biyu: gabas hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma hannun ƙanensa Malam Abdullahi. Shi kuma Malam Abdullahi a lokacin a Boɗinga yake zaune. Malamin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili da Tazyinul Waraƙat, wanda har yau ake karatun littattafansa a zaure da jami'a. Wato akwai shekarun da idan ana neman inda zuciyar daular Usmaniyya take, tun daga Adamawa har Nupe, nan ƙasar tamu za a nuno.

Ka ƙara gaba kaɗan kan titi ɗaya, ga mararrabar Yabo, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin jagororin jihadi. Ka ƙara gaba, ga Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato. An haife shi a 1925, ya fara da koyarwa a aji, ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko a Najeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983. Ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018, kuma a Shagari aka rufe shi. Ga madatsar ruwa kusa da gari. Duk wannan a kan babban titin Sakkwato zuwa Jega, kuma filin jirgin saman Sultan Abubakar III ba shi da nisa da Boɗinga.

To ina tambaya: motoci nawa ke bin titin nan kullum? Cikinsu nawa ke tsayawa don tarihi, ba don shan mai ko sayen ruwan leda ba?

Kada in ɗora wa kowa laifi, bari in fara da kaina. Shekarun baya wani abokina malamin makaranta daga Zariya ya zo biki, ya ce in kai shi Sifawa. Na kai shi. Ya fara jero tambaya: a ina Shehu ke zama ya karantar? Wace shekara ya zo? Ɗalibai daga ina da ina suke zuwa? Na yi tsuru-tsuru. Sai da muka samu wani dattijo a gindin itace, shi ya fitar da ni kunya. Ya yi mana bayani mai daɗi, muka ba shi ɗan abin goro muka tafi. Da na sake komawa bayan wani lokaci na tambaye shi, aka ce ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansa. Abin da ke kansa ya tafi da shi, ba wanda ya naɗa ko a waya. Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro. Gini in ya rushe ana iya tayar da shi, amma tsoho in ya tafi da labari, sai dai haƙuri.

Na san abin da wasunku za su ce, don na riga na ji shi a majalisa.

Na farko: "Yawon buɗe ido ai harkar bakin teku ce da kiɗa da tsiraici, ba namu ba ne." Gaskiya akwai wannan a Legas, kuma ba shi nake kira a kwaso ba. Ba mu da teku, ba mu kuma neman irin wancan. Amma ku duba Hubbaren Shehu a Sakkwato, mutane na zuwa daga Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta. Ku duba gidan Mambayya a Kano, inda Malam Aminu Kano ya zauna, yau cibiyar nazari ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ku duba Arewa House a Kaduna, da kabarin Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Wane tsiraici ke can? Ɗalibai ne da masu bincike da iyaye masu son 'ya'yansu su san asalinsu.

Na biyu: "Ana tsoron a mayar da wuraren nan wurin neman tabarruki da abin da Shehu kansa ya yi wa'azi a kai." Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma a ganina maganinta ilimi ne. Wurin da aka bari ba mai bayani, nan ne kowa ke zuwa ya yi abin da ya ga dama. In akwai malami ko ɗalibi tsaye yana faɗin abin da Shehu ya koyar, ai an toshe ƙofar. A sa malamai da masarauta gaba tun daga farko, su shata iyaka.

Na uku, wanda ya fi duka: tsaro. Ba zan yi muku ƙarya ba, sunan jiharmu ya sha wuya a labarai saboda abin da 'yan bindiga ke yi, musamman a gabashin Sakkwato, kuma mu ma nan ba mu ce hankalinmu kwance yake ɗari bisa ɗari ba. Ba wanda zai ɗauko iyalinsa daga Abuja ya zo kallon tarihi alhali yana tsoron hanya. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma baƙon farko da nake nema ba Bature ba ne, ba ma ɗan Abuja ba. Ɗan firamaren Ɗanchaɗi ne da na Dingyaɗi da na Kajiji. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da na kwalejin ilimi da ke ɗauke da sunan Shehu Shagari. Waɗannan ba sai sun hau jirgi ba. Su ma motocin da na gani a Lekki, yawanci yaran makarantun Legas ne a ciki.

Yanzu ana ta zancen babban titin Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon sama da kilomita 1,000, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2024. Masu aikin da kansu suna cewa tun zamanin mulkin Shagari aka fara tunaninsa. Allah Ya sa a gama lafiya. Amma ku lura da abu ɗaya: titi kai mutum yake yi, ba ya tsayar da shi. In an gama, albasarmu da tafarnuwarmu da shanunmu da fatunmu za su ƙara saurin isa Legas. Can ƙarshen titin, mutanen Badagry sun shirya abin da za su nuna wa duk wanda ya sauka. Mu a wannan ƙarshen mi muka shirya?

Kuma zancen fata ba sabo ba ne. Jar akuyar Sakkwato tun zamanin fataken Sahara ake kai fatarta arewacin Afirka, daga can ta ƙetara Turai, Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko. Akuya tamu, jima tamu, suna na wani. Abin da na gani a Lekki shi ne dai wancan tsohon labarin, kasuwa ce kawai ta canza.

Ni ba biliyoyi nake roƙo ba. Ga abin da nake ganin za mu iya:

1. Allo. A mashigar Sifawa da Boɗinga da Shagari a kafa allo babba mai bayani da Hausa da ajami da Turanci: wa ya zauna nan, yaushe, mi ya faru. Kuɗinsa bai kai na fastocin ɗan takara ɗaya ba.

2. Naɗar tsofaffi. Matasanmu masu manyan wayoyi, maimakon faɗan siyasa dare da rana, ku ware Asabar ɗaya a wata ku zauna gaban dattawa da limamai ku naɗi abin da suka sani. A kai wa malaman tarihi su tace, a ajiye kwafi a gidan tarihi na Waziri Junaidu.

3. Masu bayani. A zaɓi samari da 'yan mata kaɗan a kowane gari a koya musu tarihin wurin da kyau, a yanka ɗan abin da baƙo zai ba su. Sana'a ce, na gani da idona.

4. Ɗakin tunawa da Turaki a Shagari, da yardar iyalinsa: hotuna, jawabai, littafinsa Beckoned to Serve, da kayan aikinsa na koyarwa da na mulki. Obasanjo ya gina nasa a Abeokuta tun yana raye, mutane na biya suna shiga. Namu ba sai ya kai wancan girma ba, ya dai zama wurin da yaro zai shiga ya ga cewa malamin makaranta daga ƙauye ya taɓa riƙe ƙasar nan.

5. Rumfunan tsaraba a bakin titi, masu tsabta, da wurin alwala da bayi. Kilishi, fura da nono, tabarma, malfa, kayan fata. Matafiyi in ya san akwai wuri mai kyau, da kansa zai ce wa direba ya tsaya.

6. Makarantu. Kowace makaranta a ƙananan hukumomin nan biyu ta kai ɗalibanta ziyara ko sau ɗaya a shekara. Abin kunya ne yaro ya haddace sunan wanda Turawa suka ce ya gano kogin Kwara, bai san abin da ya faru a garin kakansa ba.

Shugabannin ƙananan hukumomi, 'yan majalisarmu, iyayenmu sarakuna, ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari, da ku 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago da Allah Ya buɗa wa: wannan ba aikin jam'iyya ba ne. Kowa ya ɗauki ɗaya cikin shidan nan, ya isa a fara.

Ni dai na ɗauki na biyu. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan shiga Sifawa da wayata da littafin rubutu, in nemi izinin manya in zauna gabansu. Wanda ke da lokaci ya zo mu tafi tare, akwai wuri a mota. Wanda kuma ya san wani dattijo mai tarihi a Boɗinga ko Shagari ko ƙauyukansu, don Allah ya sanar da ni tun yana raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya sa mu gyara. Amin.