Sabon Maganin Ciwon Damuwa Da Hakkin Talakan Kwaja

Ciwon damuwa cuta ce da kan danne zuciyar mutum har ya fara tunanin halaka kansa. Magungunan da aka saba bayarwa sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, alhali wanda ya kai wannan hali ba shi da makonnin jira.

A nan ne ketamin ya shigo. An haɗa shi a Amurka a 1962, kuma tun 1970 likitoci ke sa majinyata barci da shi lokacin fiɗa. A shekara ta 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana sauƙaƙa ciwon damuwa cikin sa'o'i. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a ba masu tunanin halaka kansu wani nau'insa da ake shaƙa.

Amma tilas a faɗi gaskiya. Sauƙin da yake kawowa yakan gushe cikin 'yan kwanaki. Yana ɗaga jini, yana rikita hankali, yana kuma kama jiki. Don haka a Amurka sai an tsare majinyaci sa'o'i biyu a gaban ma'aikatan lafiya bayan ya shaƙa. Amfaninsa shi ne ya riƙe mutum har doguwar jinya ta kankama.

To, ina matsayin mutumin Kwaja, can cikin duwatsun Mubi ta Kudu? Jama'ar ƙasar Mubi sun ga mamayar Boko Haram a 2014, da harin bam a masallaci a 2017 da 2018. Irin wannan masifa takan bar miki a zuci. Manomin da ɗansa ya shiga wannan hali da tsakar dare, Yola ta yi masa nisa, balle asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ta ba irin wannan majinyaci hakkin samun kulawa. Wajibi ne Gwamnatin Adamawa ta horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara su gane ciwon da wuri, ta kafa sashen da likitoci za su kula da shi a Mubi, ta kuma hana ketamin faɗawa hannun 'yan kemis.

Iyaye da malamai kuma su daina ɗaukar ciwon abin kunya. Wanda ya ce ya gaji da duniya, a saurare shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.