Raddi ga Mai Cewa Karanta Harufan Ƙwayar Korona Asara Ce

Wani malami da nake ganin girmansa ya rubuta cewa bin sawun annoba ta hanyar karanta harufan halittar ƙwayar cuta wasan masu kuɗi ne, mu ba mu tsinci komai a ciki ba sai tsangwama. Allah ya gafarta Malam, a nan kam an yi tuya an manta da albasa.

Ya fara da cewa shaci-faɗi ne, wai ƙwayar cuta ba ta da fasfo balle a san daga ina ta taso. Ai Malam ya fi ni sanin yadda ake gane asalin littafin da aka kwafa da hannu. Mai kwafa ya tsallake harafi ɗaya, duk almajirin da ya ɗauka daga takardarsa zai gaji kuskuren, ya ƙara da nasa. Ƙwayar korona harufa kusan 30,000 gare ta, kuma tana yin irin wannan tuntuɓe wajen kwafar kanta, kamar sau biyu a wata. In aka jera na majinyata aka gwama, salsalar sai ta fito fili, a ga wacce ta haifi wacce. Da wannan dabarar aka gane a 2016 cewa ƙwayar shan innar da ta ɓulla a Borno jikar wadda aka gani a 2011 ce. Shekara biyar tana yawo a ɓoye, mu muna shirin murnar kawar da ita.

Cewa aikin Turawa ne kuwa, an tabbatar da mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, kuma cikin 'yan kwanaki cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da harufan ƙwayar, karo na farko a Afirka.

Hujjarsa mai nauyi ita ce nau'in korona na Omicron, kuma ba zan raina ta ba. Masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in, aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamba 2021, tukuicinsu sai aka rufe musu ƙofofin jirgi. A Disamba Birtaniya ta haɗa har da Najeriya. Zalunci ne, na yarda. To amma wa ya yanke hukuncin? 'Yan siyasa ne suka yanke, masu awo ba su da hannu. Hukumomin Holan da suka koma kan samfuran da suka ajiye, sai ga Omicron a na ranakun 19 da 23 ga Nuwamba, tun kafin jiragen Afirka ta Kudu da ake zargi da kawo shi su sauka. Ashe ɓarawon yana cikin gida ake ta gadin ƙofa. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta janye takunkumin. Da Malam zai faɗa mana da wace shaida za mu wanke kanmu ran nan, in ba da awon da yake so a daina ba.