Ba "Yaron Kwamfuta" Ba Ne

A kusan kowace ma'aikata a Arewa, tun daga sakatariyar ƙaramar hukuma har banki da asibiti, akwai wani bawan Allah da ba a kiran sunansa. Da zarar na'ura ta ƙi tashi ko intanet ya ɗauke, sai ka ji shugaba ya ce, "A kira mini yaron kwamfutar nan." Mai yiwuwa magidanci ne mai iyali da digiri biyu, amma yaro zai zauna har ya yi ritaya.

Kalmar "yaro" a Hausa ba ƙarancin shekaru kaɗai take nufi ba, tana kuma nufin bara, wanda ake aike ba a shawartarsa. Illar ke nan. Ana ɗaukar wannan ma'aikaci ko dai hatsabibi mai buɗe asirin wayar kowa, ko kuwa malalaci da bai iya komai ba sai "a kashe a kunna". Idan aiki na tafiya daidai a ce zaman banza yake yi, idan ya lalace a ce shi ya ɓata. Kakanninmu sun fi mu adalci, domin duk da ba su ɗaukaka sana'ar hannu ba, sun naɗa Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, suna kuma sauraronsu a kan abin da suka sani.

Jihar Jigawa ta fi kowa cancantar gane wannan. Tun a 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja da aka naɗa shugaban hukumar NITDA a 2019, da aikin injiniyan sadarwar kwamfuta ya taso. A Kafin Hausa kuwa, inda aka kafa jami'ar jiha a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido, duk ɗalibin da ya shigo ta hanyar jarrabawar JAMB sai da ya zauna gaban kwamfuta, domin tun 2015 hukumar ta bar takarda da fensir. Makomar ɗan manomin Bulangu ta rataya a wuyan wanda ya haɗa wayoyin cibiyar jarrabawa.

Mai shakka ya tuna watan Mayun 2025, lokacin da Farfesa Ishaq Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, yana amsa cewa kuskuren na'ura ya taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Mutanen kogin Haɗeja sun san cewa tun da rani ake gyara jinga a nome kachalla, ba sai ruwa ya shigo gari ba. Haka aikin wannan ma'aikaci yake: adana kwafin bayanai, sabunta manhaja, toshe ƙofar ɓarayin intanet. Nasararsa ita ce kada a ga komai ya faru, shi ya sa ba a gode masa. Idan ya nemi kuɗin batir ko sabuwar na'ura, sai a ce ya jira kasafin baɗi, saboda roƙon yaro ba ya ɗaga hankalin manya.

Don haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu, musamman mu malaman jami'a da ke alfahari da muƙamai, da a ba waɗannan ma'aikata kujera a taron da ake yanke shawarar sayen kayan aiki, a ware musu kasafi da horo, a buɗe musu hanyar ƙarin girma. Kafin duk wannan kuwa, akwai gyaran da ba ya cin ko kwabo: gobe idan na'urarka ta tsaya, ka tambayi sunansa, ka kira shi Malam.